Daga ina ruwan damanarmu ke zuwa? Shaidar da ke cikin ɗigon ruwan sama

Wannan bayani ne na ajiya, wanda za a iya dawowa a sake dubawa, kan asalin ruwan saman da ke sauka a kudancin Nijar, da hanyar da yake biyowa kafin ya iso gonakinmu, da yadda masana ke gane wannan hanya ta awon ɗigon ruwan kansa. Da irin wannan awo ne ake rarrabe rijiyar da damana ke sake cikawa kowace shekara da wadda ake ɗiba ba a mayarwa.

Hadari daga gabas, danshi daga kudu

Duk manomin da ke ƙasar nan ya san in hadari ya haɗu daga gabas yake tasowa. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, a kwashe shanya, a koro dabbobi, sannan ruwa ya kece. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka ruwan ma daga gabas aka ɗebo shi. To amma gabashinmu babu teku kusa, Chadi ce da Sudan. Ina hadarin ya samo ruwan da yake zubarwa?

Amsar ita ce iska hawa-hawa take. Da damana, iskar da ke kusa da ƙasa, daga doron ƙasa zuwa kilomita 1 ko 2 sama, tana busowa ne daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, da danshi a cikinta. Ita ce iskar damana, wadda ake ji da sanyin safiya tun cikin bazara. A bisanta kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke tura hadari. Manyan hadura sukan haɗu da yamma a wurare masu tudu kamar duwatsun Ayar, tudun Jos da duwatsun Darfur, su jera sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufi yamma da gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa. Suna tafe suna zuƙar danshin iskar ƙasa. Ke nan hadari na gabas ne, amma abin da yake sha na kudu ne. Irin waɗannan manyan hadura su ke kawo fiye da kashi uku cikin huɗu na ruwan da Sahel ke samu a shekara.

Iskar damana tana da iyaka, inda take karo da busasshiyar iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas. A watan Janairu wannan iyaka tana can kusa da gaɓar teku. Da zafi ya yi ƙarfi a hamada sai ta riƙa matsowa arewa, har a watan Agusta ta wuce Agadez. Ruwa mai yawa yana sauka ne ɗaruruwan kilomita kudu da iyakar. Shi ya sa Gaya ke samun wajen milimita 800 a shekara, Yamai da Maraɗi wajen 500 zuwa 550, Damagaram da Tawa wajen 350 zuwa 400, Bilma kuwa ko 20 ba ta cika samu ba.

Mene ne izotof?

In aka yi ta raba ɗigon ruwa har a kai ƙarshen ƙanƙanta, za a tarar da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Kowace ƙwayar ruwa haɗin abu uku ce: ƙwayar zarra biyu ta haidirojin da ɗaya ta oksijin. To su waɗannan ƙwayoyin zarra ba duka nauyinsu ɗaya ba. Kusan dukan oksijin na duniya mai lamba 16 ne, amma wajen ɗaya cikin 500 mai lamba 18 ne, ya ɗan fi nauyi. Haka ma haidirojin: wajen ɗaya cikin 6,400 nauyinsa ya ninka na sauran, ana kiransa diyuteriyom. Waɗannan ƴan'uwa masu suna ɗaya, hali ɗaya, nauyi dabam, su ake kira izotof. Kamar hatsi ne na dami ɗaya, wata tsabar ta fi wata cika.

Saboda haka a cikin kowane moɗa na ruwa akwai ƙwayoyi masu nauyi ƴan kaɗan gauraye da marasa nauyi masu yawa. A lura da abu biyu. Na farko, wannan nauyi ba shi ne wanda ake nufi ba in an ce ruwan rijiya kaza yana da nauyi a ciki ko ba ya kumfa da sabulu. Wancan gishiri ne da kanwa da farar ƙasa. Nauyin izotof harshe ba ya jinsa, sai na'ura. Na biyu, oksijin 18 da diyuteriyom ba sa fitar da wani tururin guba, ba su da dangantaka da yuraniyom na Arlit. Halittar Allah ce da ke cikin kowane ruwa, har da na jikin ɗan Adam.

Don a iya kwatantawa, masana sun ɗauki ruwan teku a matsayin sifili. Ma'aunin yana ajiye a hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, AIEA, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ana ƙidaya bambancin cikin dubu. In an ce ruwa yana -4, ana nufin oksijin 18 da ke cikinsa ya gaza na teku da kashi 4 cikin dubu, wato ya fi teku rashin nauyi. In an ce +3, ya fi teku nauyi. Tun 1961 AIEA da Hukumar Yanayi ta Duniya, OMM, ke tattara ruwan sama wata-wata daga tashoshi a faɗin duniya suna aunawa. A yankinmu Bamako, Kano da Njamena na cikin tsofaffin tashoshin. Akan zuba ɗan mai a cikin ma'aunin ruwan ya rufe samansa don kada rana ta taɓa shi, sannan a juye a ƙaramar kwalba a toshe tam. Matsakaicin ruwan shekara a wannan layi na Sahel yana kaiwa da komowa tsakanin -3 da -5.

Sheƙar da rana da gajimare ke yi

Me zai sa wani ruwan ya fi wani nauyi? Duk macen da ta taɓa sheƙa ta san amsar: ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ta faɗo kusa. Ruwa ma haka yake sha a wurare biyu.

Wuri na farko shi ne inda rana ke ɗaga ruwa ya zama tururi. Ƙwayoyi marasa nauyi sun fi saurin tashi, masu nauyi suna jinkiri. Saboda haka tururin da ke bisa teku mai ɗumi yakan gaza ruwan tekun da sama da 10 cikin dubu. Ruwan da aka bari a baya kuma yana ƙara nauyi. Tabkin da ya kai watan Maris yana shan rana ya fi yadda yake a Satumba nauyi nesa ba kusa ba.

Wuri na biyu shi ne cikin gajimare, inda tururi ke yin sanyi ya koma ɗigo. A nan masu nauyi ne ke fara zama ruwa su faɗo. Duk lokacin da iska ta zubar da ruwa, tururin da ya rage mata ya ƙara zama sakayau, ruwan da za ta zubar a gaba zai gaza na baya nauyi. Kamar ayari ne da ke sauke kaya mafi nauyi a kowane zango. Wanda ya tarye shi a ƙarshen hanya, in ya duba abin da ya rage a bisa raƙuma, zai iya ƙiyasta zango nawa aka yi.

Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Willi Dansgaard, ya tsara waɗannan ƙa'idodi a 1964. Ruwa yana rage nauyi in an yi nisa da teku, in an hau tudu, in wuri ya yi sanyi, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu, in ruwan ya yi yawa. Kafin shi, a 1961, Harmon Craig na Amurka ya nuna cewa oksijin 18 da diyuteriyom tare suke hawa da sauka bisa tsari ɗaya a ruwan saman duniya: in oksijin 18 ya motsa da 1, diyuteriyom ya motsa da 8, da rarar 10 a kai. Wannan rara, da ake kira rarar diyuteriyom, tamkar shaidar da ake yi wa dabba ce. Tana nuna irin iskar da tururi ya tashi a cikinta tun farko. In ya tashi cikin busasshiyar iska, rarar takan yi sama. In kuma ɗigon ruwa ya sha rana ko busasshiyar iska bayan ya zama ruwa, rarar takan faɗi.

Wuraren da danshinmu ke fitowa

Na farko shi ne mashigin tekun Gini, wato tekun da ke gaban Abijan, Akara, Kotonu da Legas. Daga gaɓar nan zuwa Yamai ko Maraɗi kusan kilomita 800 ne a miƙe. Daga watan Mayu zuwa Yuni ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin wannan teku, fuskarsa ta yi sanyi, alhali hamada na ƙara zafi. Wannan bambanci ne ke ƙara wa iskar damana ƙarfi ta kutsa arewa. A matsakaici, wajen 24 ga watan Yuni layin ruwa mai yawa yake tsallakowa daga gaɓa ya dawo cikin ƙasa. Ƴan'uwa mazauna Akara, Lome da Legas sun san ɗan tsaikon ruwa da ake yi can a watan Agusta. Lokacin ne damana ke tsakiya a gida. Tururin wannan teku rararsa kusa da 10 take.

Na biyu shi ne tekun Atlantika ta yamma, wajen Senegal da Gini. Akwai iskar da ke shigowa kai tsaye daga can a tsakiyar damana, ta fi tasiri a yammacin Sahel.

Na uku, wanda ba a cika tunawa da shi ba, ita ce ƙasa da kanta. Ruwan da ya sauka a kurmin kudancin Najeriya, Binin da Gana, da dazuzzuka da gonakin tsakiya, ba duka ke komawa teku ba. Itatuwa da ciyawa da shibka suna zuƙo shi ta saiwa su fitar da shi ta ganye, iska ta ɗauke shi ta ƙara gaba da shi. Ɗigon da ya faɗo a Dakoro yana iya zama ya taɓa faɗowa a wajen Ilori ko Kaduna ƴan kwanaki baya. Wani bincike da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka a 1996 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 27 cikin 100 na ruwan Afirka ta Yamma daga ƙasar yankin kanta yake sake tashi, kashi 23 daga tekun Atlantika na kusa, kashi 17 daga Afirka ta Tsakiya.

Izotof yana tabbatar da wannan. Ganye ba ya sheƙa: ruwan da itace ya zuƙo, mai nauyi da marar nauyi, kusan yadda yake haka yake mayar da shi sama. Ke nan ayarin yana sauke kaya, ana sake ɗora masa. A Turai ruwan sama yana rage nauyi da wajen 2 cikin dubu a kowane kilomita 1,000 da aka yi daga teku zuwa cikin ƙasa. A dajin Amazon na Burazil, inda itatuwa ke mayar da ruwa mai yawa, ragin bai kai 1 ba. Afirka ta Yamma ta fi kama da Amazon: ruwan Yamai da na Kano ba su gaza na gaɓa yadda nisansu da teku zai sa a yi tsammani ba.

Na huɗu shi ne arewa da gabas. Tekun Bahar Rum tana fitar da tururi da iska ke ratsa Libiya da Masar da shi, wani kaso ya iso gabashin Sahel. Da yake yana tashi ne cikin busasshiyar iska, ruwan gabashin Bahar Rum rararsa takan haura 20, ninkin na Atlantika. Iskar gabas ta sama ita ma tana zuwa da tururin da ya ratsa hadurran Sudan da Chadi, wanda ya riga ya zubar da masu nauyinsa.

Tsakanin gajimare da ƙasa

Saura zango na ƙarshe, kuma a Sahel yana da girma. Gindin gajimare yakan kasance kilomita 1 zuwa 3 bisa ƙasa. In iskar da ke tsakani busasshiya ce mai zafi, ɗigon yana faɗowa yana ƙafewa. Wani lokaci ma ana ganin zaren ruwa yana saukowa daga hadari bai kai ƙasa ba. Ɗigon da ya tsira ya iso ya rasa marasa nauyinsa, ya yi nauyi, rararsa ta faɗi.

Wannan ya ba damana kalandar izotof da ke maimaituwa kusan kowace shekara. Hausawa na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ruwan farko na Mayu da Yuni, wanda ke faɗowa cikin zafi da ƙura, shi ne mafi nauyi. Yakan kai sifili, har ya wuce ruwan teku, rararsa kuma ƙasa da 10 sosai. A Yuli nauyin ya fara sauka. A Agusta da farkon Satumba, lokacin malka, iska ta cika da danshi, ɗigo ba ya ƙafewa, hadari na bin hadari, sai a samu ruwa mafi rashin nauyi, -6 ko ƙasa da haka. Da damana ta juya baya a ƙarshen Satumba da Oktoba, nauyin ya sake hawa. Haka kuma in an nufi arewa, daga Gaya zuwa Tawa zuwa Agadez, ƙafewar ɗigo na ƙaruwa, ruwan na ƙara nauyi, duk da cewa ana ƙara nisa da teku.

Abin da aka auna a Yamai

Yamai na cikin wuraren da aka fi bin diddigin wannan al'amari a Afirka. A 1992 an yi babban aikin binciken ruwa da ƙasa mai suna HAPEX-Sahel a kewayenta. A 2006 aka yi na AMMA, wanda ya haɗa masana na Afirka, Turai da Amurka kan iskar damana. A wannan shekara an tari ruwan kowane hadari dabam a Yamai da ƙauyukan kewaye aka auna.

Sakamakon da Camille Risi ta Faransa da abokan aikinta suka fitar a 2008 ya nuna abu biyu. Kafin damana ta kankama, lokacin da hadari ke zuwa jefi-jefi, izotof na ruwan yana ba da labarin hadarin da ya kawo shi ne kawai, ƙarfinsa da girmansa. Da damana ta zauna sai nauyin ya faɗi farat ɗaya, daga nan kuma ruwan ya riƙa ba da labarin yanki duka: in an yi ta hadari a faɗin Sahel cikin kwanakin da suka wuce, ruwan da zai sauka a Yamai zai zo sakayau, ko da shi hadarin na ranar ƙarami ne. Dalili shi ne kowane hadari yana sauko da tururi marar nauyi daga sama zuwa iskar ƙasa, hadari na gaba ya sha daga ciki. Wato ruwan da aka tara a kwano ɗaya yana ɗauke da labarin ƙasar da ta fi jaha faɗi.

Sun kuma tari ruwan hadari ɗaya kashi-kashi, daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe. Ɗigon farko mai nauyi ne, don ya ratsa busasshiyar iska. Da ruwa ya kece da ƙarfi nauyin ya sauka. In ya tsagaita ya ɗan hau, sannan ya sake canzawa cikin yayyafin da ke biyo baya.

A 2010 aka girka na'urar leza a Cibiyar Izotof ta Jami'ar Abdou Moumouni, IRI, ta riƙa auna tururin iskar Yamai dare da rana, ko ana ruwa ko ba a yi. An ga tururin yana yin sakayau sau biyu a shekara. Na farko a tsakiyar damana, saboda yawan hadari. Na biyu a tsakiyar ɗari, lokacin da busasshiyar iska ke saukowa daga can sama bisa hamada hunturu ya kawo ta. Ke nan ko da rani iskar da muke shaƙa tana ɗauke da shaidar inda ta fito.

Labarin da ke ƙarƙashin ƙasa

Ruwa in ya nutse ya wuce inda rana ke kaiwa, izotof ɗinsa ba ya ƙara canzawa. Yana riƙe shaidar ranar da ya faɗo ko da zai shekara dubu. Nan ne amfanin wannan ilimi ya fi fitowa ga mai jan guga.

Da aka auna rijiyoyi marasa zurfi a Sahel, an tarar ruwansu ya fi kama da ruwan tsakiyar damana, na manyan hadura. Yayyafi da ruwan farko suna jiƙa gona, shibka ta sha, saura ya koma sama, ba ya kai wa rijiya. Ruwa mai ƙarfi ne ke gudu ya taru a tabkuna, ƙoramu da gulabe irin Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, Majiya da Ƙorama, daga nan ya nutse. A gabashin Yamai masana na cibiyar IRD ta Faransa da na Nijar sun nuna cewa ruwan ƙasa ya hau da wajen mita 4 daga 1963 zuwa 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Sassabe ya sa ruwa ya fi gudu zuwa tabkuna, izotof kuma ya nuna yana nutsewa da sauri ta gindin tabkunan kafin rana ta ci shi. Sai dai farashin wannan shi ne zaizayar gonaki da kwazazzabai.

A gefen tabkin Chadi labarin dabam ne. Ruwan tabkin ya sha rana har ya fi na teku nauyi, don haka da an auna rijiyar Diffa ko Gigimi za a iya gane wadda tabki ke ciyarwa, da wadda Komadugu ke ciyarwa, da wadda ruwan sama kaɗai ke ciyarwa.

Sai ruwa mai zurfi, wanda rijiyoyin burtsatse ke kaiwa bayan ɗaruruwan mita, a babban kwarin ƙarƙashin ƙasa na Illimmeden da Nijar, Najeriya da Mali ke tarayya a kai, da kuma na Chadi. Shi wannan ruwa sau da yawa ya fi ruwan saman yau rashin nauyi a sarari. Alama ce ta cewa ya sauka a wani zamani mai sanyi ko mai ruwa fiye da namu. Don sanin shekarunsa ana duba wasu izotof biyu masu raguwa da lokaci. Kabon 14 yana raguwa da rabi a shekara 5,730. Tiritiyom kuma, wanda gwajin bama-baman nukiliya ya watsa a sararin duniya har ya kai ƙololuwa a 1963, yana raguwa da rabi a shekara 12 da ƴan watanni. In an same shi a rijiya, ruwan ya shiga ne bayan wajen 1950. Wani bincike da aka fitar a 2003 kan kudu maso yammacin Nijar ya samu ruwa mai shekaru 6,000 zuwa 40,000 a shimfiɗun ƙasa masu zurfi. Wani ɓangarensa na zamanin da hamada ke kore ne, wajen shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da mutanen Gobero ke kamun kifi a inda yau Tenere take, aka kuma sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus.

Daga 2012 zuwa 2017 AIEA ta yi aiki da ƙasashe 13 na Sahel, har da Nijar, kan manyan kwaruruka biyar na ruwan ƙasa, ciki har da Illimmeden, Chadi da Liptako-Gurma, don a ware inda ruwa ke sabuntuwa da inda yake na gado.

Abin da ya shafe mu

Izotof ba ya faɗin ko damanar baɗi za ta yi kyau. Wannan aikin ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa ne, da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, waɗanda ke fitar da hasashe kafin shibka. Amma masu ƙera lissafin hasashe a kwamfuta suna gwada shi da awon izotof, su ga ko ya kama inda danshi ke fitowa da yadda ɗigo ke ƙafewa. Haka kuma izotof ba ya faɗin ko ruwa ya dace da sha. Mutanen Tibiri ba su manta da abin da sinadarin fuluwo ya yi wa ƙasusuwan yara ba. Duk sabuwar rijiya tana buƙatar awon lafiyar ruwa nata na dabam.

Ga abin da ya kamata a riƙe. Damanarmu ba ta san iyakar ƙasa ba. Zafin teku a gaban Abijan, da itatuwan kurmi, da ciyawar tsakiyar Najeriya da Binin, duk suna da hannu a ruwan da ke sauka a Mayahi ko Mirya. Binciken masana ya danganta farin 1973 da 1984 da sauyin zafin tekuna, dubban kilomita daga gonakin da suka ƙone. Itacen da aka bari a gona, irin na sassaben zamani da ya yaɗu a jahohin Maraɗi da Damagaram, yana kare ƙasa, yana kuma cikin masu mayar da danshi sama.

Na biyu, bayanan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku daga 1982 zuwa 2016. Su ne ke rusa gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2024, su ne kuma ke cika rijiyoyi. Tassa, rabin wata, jeren duwatsu da ƙananan madatsai a ƙoramu suna rage gudun ruwan, su ba shi lokacin nutsewa.

Na uku, ga ƙungiyoyin ƴan gari mazauna waje da ke haɗa kuɗi a haƙa rijiyar burtsatse a gida, da kwamitocin ruwa na ƙauyuka: bayan tambayar zurfi da yawan ruwa, a tambayi ma'aikatar ruwa ta jaha wace shimfiɗa aka taɓa, kuma tana sabuntuwa ko ta gado ce. In mai sabuntuwa ce, a kiyaye tabki da ƙoramar da ke ciyar da ita daga shara, masai da maganin ƙwari. In ta gado ce, a sani rumbun kakanni aka buɗe, a fifita sha da dabbobi, a auna abin da ake ba lambu, a gyara fanfon da ke zuba.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya.